Tsirkiya da Murya: Tarihin Makaɗin Jita da Faifansa, Daga Birmingham Zuwa Sakkwato

Gabatarwa

Wata rana da almuru muna zaune a teburin wani mai shayi a garin Masaka, wanda ke kan hanyar Abuja zuwa Keffi, daidai lokacin da ma'aikatan da suka wuni a birnin tarayya suke ta saukowa daga motoci a gajiye, sai wani saurayi da ke gefenmu ya kunna kiɗa a wayarsa. Jita ce ake kaɗawa, amma ba irin ta coci ko ta gidan biki da kunnen mutanen wurin ya saba da ita ba. Wannan tana kuka, tana gurnani, tana gudu kamar wadda aka koro. Aka yi minti ɗaya, aka shiga na biyu, ba a ji muryar kowa ba. Can sai wani dattijo da ke ƙarshen benci ya ajiye kofinsa, ya dubi saurayin ya ce, "Yaro, wai yaushe zai fara waƙar?" Saurayin ya ce, "Baba, ai wannan ba a waƙa a ciki, kiɗan ke nan." Dattijon ya yi shiru, sannan ya ce, "To, me yake cewa?"

A lokacin dariya muka yi. Amma da muka natsu sai muka ga ashe dattijon nan ya taɓo wani tsohon al'amari a tarihin kiɗa, wato dangantakar da ke tsakanin hannun da ke taɓa tsirkiya da bakin da ke furta magana. Kiɗan da saurayin ya kunna na wani Bature ne daga cikin masu salon da ake kira hebi-metal, kuma a cikin faifan da aka ciro shi akwai wuraren da ake waƙa, akwai kuma inda kiɗa ne zalla. A wannan rubutu za mu bi diddigin yadda irin wannan faifai ya samo asali a Turai da Amurka, sannan mu waiwayo gida mu ga matsayin tsirkiya a kiɗan Hausa, daga nan mu tsaya a Sakkwato cikin shekarar 2008, inda wani makaɗin jita da duniya take kwatanta shi da gwanayen wancan salo ya naɗi faifansa na farko.

Asalin Kiɗan Hebi-metal

Kalmar hebi-metal a Ingilishi tana nufin ƙarfe mai nauyi, kuma sunan ya dace da garin da aka fi danganta haihuwar kiɗan da shi, wato Birmingham ta ƙasar Ingila, birnin maƙera da masana'antu. Kafin a kai ga haka, sai da kayan aikin suka samu. An fara ƙera jita mai amfani da lantarki a Amurka cikin shekarun 1930, inda aka sanya maganaɗisu a ƙarƙashin tsirkiyoyin ƙarfe domin ya ɗauki motsinsu ya aika zuwa akwatin ƙara sauti. A 1954 kamfanin Fender ya fito da samfurin Stratocaster, a 1962 kuma Jim Marshall ya fara haɗa nasa akwatunan ƙara sauti a Landan. Makaɗa suka lura cewa idan aka murɗa akwatin fiye da ƙarfinsa, sautin jita yakan dishe, ya yi kauri da kaushi, ya kuma daɗe yana amo. Abin da injiniyoyi suka ɗauka aibi ne, sai samari suka mayar da shi ado.

Daga cikin waɗannan samari akwai Tony Iommi, wanda aka haifa a Birmingham a 1948. Yana ɗan shekara 17, a ranar da zai bar aiki a wata masana'antar sarrafa faranten ƙarfe, inji ya datse masa kan yatsu biyu na hannun dama. Da yake bahago ne, wannan hannu shi ne wanda yake danna tsirkiya da shi. Maimakon ya haƙura, sai ya narka robar wata kwalba ya yi wa yatsun hula, ya nemi sirarran tsirkiyoyi, daga baya kuma ya riƙa sassauta su domin rage zafin dannawa. Sassautawar nan ta ƙara wa kiɗansa zurfi da nauyi. A ranar 13 ga Fabrairu, 1970, ƙungiyarsa mai suna Black Sabbath ta fitar da faifanta na farko, wanda masu tarihin kiɗa da dama suke ɗauka a matsayin mafarin wannan salo.

A tsarin irin waɗannan ƙungiyoyi akwai ginshiƙai biyu da idon jama'a yake kai. Na farko mawaƙi, wanda ke tsaye a gaba riƙe da abin magana. Na biyu makaɗin jita, wanda sau da yawa shi ne yake ƙirƙiro karin da aka gina waƙar a kai, amma rabonsa na fitowa fili bai wuce wani ɗan tsakani da akan ba shi a tsakiyar waƙa ba. Wannan zaman 'yan marina shi ne ya haifar da abin da ya biyo baya.

Makaɗi Ya Nemi Gashin Kansa

A 1978 ƙungiyar Van Halen ta Amurka ta fitar da faifanta na farko. A cikinsa akwai wani guntun kiɗa mai suna "Eruption", wanda tsawonsa minti 1 ne da daƙiƙa 42, babu murya ko kaɗan. A nan ne Eddie Van Halen ya shahara da salon ƙwanƙwasa tsirkiya da yatsun hannu biyu a kan wuyan jita, abin da ya ba shi damar zubo sautuka da saurin da ba a saba ji ba. Guntun kiɗan nan ya nuna wa kamfanonin faifai cewa akwai masu biyan kuɗi domin su ji hannu kawai.

Wanda ya kai al'amarin ga cikakken faifai shi ne Yngwie Malmsteen, haifaffen birnin Stockholm na ƙasar Suwidin a 1963. Ya taso yana kwaikwayon gwanin gogen Turawa ɗan Italiya, Niccolo Paganini, yana juya salonsa zuwa kan jita. Ya isa Amurka a farkon shekarun 1980, ya yi ɗan zama a ƙungiyoyin Steeler da Alcatrazz, sannan a 1984 ya fitar da faifan kansa mai suna Rising Force. Kiɗa 8 ne a ciki. Guda 6 tsurar kiɗa ne, 2 kacal aka ɗauko wani mawaƙi mai suna Jeff Scott Soto ya rera. Wato dai an juya tsarin gida, makaɗi ya zama mai masauki, mawaƙi ya koma baƙo.

Sai dai abin lura shi ne, muryar da aka kora ta ƙofa ba ta daɗe ba ta dawo. Faifan Malmsteen na biyu, Marching Out na 1985, mafi yawansa waƙa ce. Joe Satriani, wanda ya yi nasara da faifan kiɗa zalla mai suna Surfing with the Alien a 1987, da ya zo yin na gaba a 1989 sai ya buɗe baki da kansa ya rera 6 daga cikin 18. Shi kuwa Iommi, da ya shirya faifan kansa a 1986, kamfani ya dage sai an buga sunan Black Sabbath a jikinsa, don haka sai a shekarar 2000 ya samu fitar da wanda ke ɗauke da sunansa shi kaɗai, kuma a cikinsa ma mawaƙa ya gayyato, kowace waƙa da mai rera ta. Al'adar ta ɗore har zuwa wannan ƙarni. Nita Strauss, wadda ta yi suna a ƙungiyar Alice Cooper, ta yi faifan kiɗa zalla a 2018, amma a na biyu, The Call of the Void na 2023, sai ta raba wuri tsakanin kiɗa da waƙa.

Dalilan wannan ba boyayyu ba ne. Gidajen rediyo sun fi sanya abin da ke da baitin da mai sauraro zai riƙe, kasuwa kuma tana bin rediyo. Bayan haka, kunnen ɗan Adam yakan gaji da gwaninta idan ta yi yawa babu magana. Saboda haka faifan da ya haɗa kiɗa zalla da waƙa ya zama wani irin sulhu: makaɗi ya samu filin nuna abin da hannunsa yake iyawa, mai sauraro kuma ya samu kalmar da zai rataya ma'ana a kai. Ke nan tambayar dattijon Masaka ba ta Bahaushe kaɗai ba ce, Turawa ma sun sha yin ta.

Tsirkiya a Ƙasar Hausa

Idan muka waiwayo gida za mu tarar Bahaushe ba baƙo ba ne ga tsirkiya. Akwai molo mai tsirkiya uku, da garaya mai biyu wadda aka sani wajen mafarauta da 'yan bori, da gurmi, da kuntigi mai tsirkiya ɗaya, sannan ga goge da kukuma waɗanda ake gogawa da izga. Sai dai waɗannan kaya ba su samu irin alfarmar da tambari da kakaki da algaita da kotso da taushi suka samu a fada ba. Malaman jihadi na ƙarni na 19 sun yi rubuce-rubuce kan hukuncin kiɗa, kuma kayan tsirkiya suna cikin waɗanda suka fi shan suka, musamman saboda alaƙarsu da bori da wuraren shagala. Wannan kallo ya bi su har cikin ƙarni na 20, inda sunan goge kaɗai ya isa ya sa wasu iyaye su ɗaure fuska.

Abu na biyu da ya kamata mu lura da shi shi ne, a wajen Bahaushe kayan kiɗa magana suke yi. Hausa harshe ne mai karin sauti da tsawon wasali. Kalmar kuka ta bishiya da kuka na hawaye rubutunsu ɗaya, hawa da saukar murya ne yake bambanta su. Don haka idan gwani ya matsa kalangu ko ya danna tsirkiya, yana iya bin hawa da saukar wata jimla har wanda ya sani ya ji ta sarai. Wannan shi ne tushen take. Sarki yana da takensa, ɗan dambe da mahauci da manomi kowa da nasa, a fagen bori ma kowane iska da kiɗan da ake kiransa da shi a garaya ko goge. Saboda haka da dattijon nan ya ce me yake cewa, ba jahilci ya nuna ba. Ya taso ne a al'adar da in aka kaɗa, to an faɗi wani abu.

Abu na uku shi ne yadda aka raba aiki. A manyan ƙungiyoyin kiɗan fada da na jama'a, shugaba shi ne mai waƙa, ko da yake makaɗi ake ce masa. Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, baki yake sarrafawa, masu kalangu suna bayansa. Kowa ya san Shata, amma mutum nawa ne a cikinmu zai iya lissafo sunayen waɗanda suka yi shekaru suna riƙe masa kiɗa? A nan matsayinsu ya yi kama da na makaɗin jita na Turai kafin ya ɓalle. A ɓangaren tsirkiya kuwa lamarin ya sha bamban, domin galibi mutum ɗaya ne yake kaɗawa yana rerawa. Haka Haruna Uji yake da gurminsa, haka Garba Supa da Hassan Wayam da kukumarsu. Wanda ya fi kowa kaɗaita shi ne Adamu Ɗanmaraya Jos, wanda aka haifa a Bukuru a 1946 ya rasu a 2015. Ba shi da 'yan amshi, ba shi da mai ganga. Kuntigin nan mai tsirkiya ɗaya shi yake amsa masa, shi yake cike gurbin numfashinsa tsakanin baiti da baiti. Abin da Malmsteen ya ƙetare teku yana nema, wato makaɗi ya zama mai gidan kansa, Ɗanmaraya ya riga ya same shi tun da farko, amma da sharaɗin cewa bakinsa ba zai yi shiru ba.

A fagen wasa, gwanayen goge da garaya sukan yi dogon zango suna kiɗa zalla masu rawa suna juyawa. Amma idan aka zo naɗar faifai ko kaset na sayarwa, waƙa ake nema, kuma da sunan waƙa ake sayar da shi. Kiɗan da ke share fage ko wanda ke tsakanin baitoci ba shi da suna, ba a kuma lissafa shi a matsayin wani aiki mai zaman kansa.

Shigowar Jita da Fiyano

Jita ta shigo ƙasar Hausa ta hanyoyi da dama, ta coci, da makarantu, da barikin soja da na 'yan sanda, da gidajen rawa na Sabon Gari inda ake kiɗan hailaif. Bongos Ikwue ya yi karatu a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, kuma tun yana ɗalibi yake da ƙungiyar kiɗa. A Kaduna, marigayi Bala Miller ya kafa babbar ƙungiya mai jita da ƙahonni cikin shekarun 1970, ya yi waƙoƙi da Hausa irin su "Ikon Allah". A hayin Nijar, Sa'adu Bori na Maraɗi ya ɗauko karin kiɗan bori ya ɗora a kan kayan zamani, kuma faifan Niamey Twice da ya yi tarayya da Moussa Poussy a 1994 ya kai sunansa Turai, kasusuwansa kuma suka cika kasuwannin Arewa. Duk da haka, a wajen waɗannan duka jita 'yar rakiya ce. Ba a samu wanda jama'a suka sani da hannunsa fiye da bakinsa ba.

Kafin jita ta kafu sosai, sai wani baƙon ya sha gabanta. A 1990 aka fitar da fim ɗin Turmin Danya a Kano, wanda ake ɗauka a matsayin mafarin finafinan Hausa na bidiyo. Kafin ƙarshen shekarun 1990 waƙa ta zama gishirin waɗannan finafinai, kuma na'urar da ta ɗauki nauyin kiɗansu ita ce fiyano, musamman ƙirar Yamaha. Mutum ɗaya a ɗan ƙaramin ɗaki yana iya fitar da amon ganga da sarewa da goge duk daga allo ɗaya, cikin sauƙin kuɗi da lokaci. Daga baya kwamfuta ta shigo, tare da manhajar gyaran murya da ake kira ototun, wadda ke sa murya ta riƙa karkarwa kamar ta ƙarfe. Masu iya magana sun ce idan kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Ɗakunan naɗar sauti suka yawaita a Kano da Kaduna da Jos da Sakkwato, mawaƙa suka ƙaru, amma masu taɓa tsirkiya da hannu suka ragu.

Sakkwato, 2008

Cikin wannan yanayi ne wani saurayi Ba'abzine daga yankin Azawak na jihar Tawa a Jamhuriyar Nijar ya sauka Sakkwato a 2008. Sunansa Mahamadou Souleymane, amma an fi saninsa da Mdou Moctar. Ya taso ne a cikin al'adar jitar Abzinawa, wadda ta samo asali daga samarin da fari da rashin aiki suka kora zuwa Aljeriya da Libiya cikin shekarun 1970 da 1980. Daga cikinsu ne ƙungiyar Tinariwen ta Mali ta fito, haka kuma Abdallah ag Oumbadougou na Nijar, wanda waƙoƙinsa suka yi tashe lokacin tawayen da aka kawo ƙarshensa da yarjejeniyar 24 ga Afrilu, 1995. Ganin wasan Abdallah ne ya sa wa Mdou sha'awar kiɗa. Da yake gidansu ba su yarda da sana'ar ba, kuma babu kuɗin saye, sai ya sassaƙa jitarsa ta farko da katako, ya yi mata tsirkiya da wayar birkin keke. Shi ma bahago ne, kamar Iommi.

Abin da ya kawo shi Sakkwato shi ne ɗakin naɗar sauti irin na masu waƙoƙin finafinan Hausa. A can ya naɗi faifansa na farko mai suna Anar, da harshen Tamashek, amma cikin tufafin kiɗan Hausa na wancan lokaci, wato gangar inji da ototun, jita kuma tana biye a hankali. Ba a buga faifan a kasuwa ba a lokacin. Waƙoƙin sun yi ta tafiya ne daga waya zuwa waya, a tashoshin mota da kasuwanni, har suka ƙetare zuwa Mali. A garin Kidal ne wani Ba'amurke mai suna Christopher Kirkley, wanda ke tattara waƙoƙin da ke cikin wayoyin mutane, ya ci karo da wata mai suna "Tahoultine". Ya sanya ta a wani kundi da ya kira Music from Saharan Cellphones, sannan ya shiga neman mai ita har ya same shi. Kamfaninsa, Sahel Sounds, shi ya buga Anar a faifan garmaho a 2014.

Daga nan hanya ta buɗe. A 2015 Mdou ya fito a wani fim da aka ɗauka a Agadas cikin harshen Tamashek, wanda aka gina a kan labarin fim ɗin Purple Rain na mawaƙin Amurka Prince. A 2017 ya yi faifan Sousoume Tamachek, inda shi kaɗai ya kaɗa komai ya kuma rera. A 2019 ya fitar da Ilana tare da cikakkiyar ƙungiya, a 2021 kuma kamfanin Matador na Amurka ya buga masa Afrique Victime. A waɗannan faifai biyu ne jitar da ta yi ladabi a Sakkwato ta fito da ainihin muryarta. Waƙar da aka sanya wa faifan 2021 sunanta ta haura minti 7. Tana farawa da kalmomi kan irin zaluncin da ake yi wa Afirka, amma daga tsakiya sai baki ya ja baya, kiɗa ya ƙara sauri, jita ta karɓi ƙarar ta ci gaba da kai ta ita kaɗai. Marubutan jaridun Turai da Amurka suka shiga kwatanta shi da Jimi Hendrix da Eddie Van Halen. Shi kuwa ya bayyana a hirarraki cewa bai taso da sanin waɗannan mutane ba, sai daga baya aka nuna masa bidiyon Van Halen, ya ɗauki dabarar ƙwanƙwasa tsirkiya ya juya ta yadda ta dace da kiɗan takamba da na bukukuwan garinsu.

Juyin mulkin da aka yi a Nijar ranar 26 ga Yuli, 2023, ya rutsa da shi da abokansa suna rangadi a Amurka, suka kasa komawa gida na wani lokaci. A 2024 suka fitar da Funeral for Justice mai tsananin ƙara, a 2025 kuma Tears of Injustice, wanda mafi yawansa waƙoƙin wancan faifai ne aka sake kaɗawa a tsanake da jita marar lantarki. Ba shi kaɗai ba ne a Nijar. Ƙungiyar Tal National ta Yamai, wadda wani makaɗin jita kuma ma'aikacin shari'a da ake kira Almeida ya kafa, tana waƙa da Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da Tamashek, kuma faifanta na 2018 sunan Hausa gare shi, wato Tantabara.

Darasin da Ke Ciki

Idan muka haɗa waɗannan zare za mu ga wani abin mamaki. Ɗakin naɗar sauti na Bahaushe shi ne tsanin da wannan makaɗi ya taka duniya ta ji shi, amma sai da ya bar wannan ɗaki sannan hannunsa ya samu fili. Ba laifin masu ɗakin ba ne, domin abin da kasuwa take so suke yi. Tambayar da ta rage ita ce, ina Bahaushen da zai yi wa gurmi ko garaya ko kukuma abin da wannan Ba'abzine ya yi wa jita? Ɗanmaraya ya tafi, Haruna Uji ya tafi, Garba Supa da Hassan Wayam sun tafi. Kalmominsu suna nan a kaset da intanet da kundayen digiri. Yadda suke ɗaure tsirkiya, da yadda suke aza yatsa, da dalilin da ya sa kukumar wane ta bambanta da ta wane, mafi yawan wannan ilmi ya bi su kabari.

A nan dole mu da ke sassan nazarin Hausa mu karɓi namu kason. Magabatanmu sun yi aiki babba. Ɗandatti Abdulƙadir ya yi nazarin Shata a digirinsa na uku a 1975, Sa'idu Muhammad Gusau ya tattara tarihin makaɗa da ɗimbin matanin waƙoƙinsu, David Ames da Anthony King kuma sun fitar da ƙamus na kalmomin kiɗan Hausa a 1971. Sai dai al'adar da muka gada ita ce mu juyi waƙa zuwa takarda, mu fitar da jigo da salo da zubi, kiɗan kuma mu ambace shi a layi ɗaya mu wuce. Mun ɗauki rabin da ke da haruffa, mun bar rabin da ba shi da su.

Akwai misalin da ke nuna cewa gyara mai yiwuwa ne. Malam Mamman Barka na Nijar, malamin makaranta kuma gwanin gurmi da aka sani har a Nijeriya, ya samu tallafin UNESCO a 2002 ya tafi bakin Tafkin Chadi wajen Boukar Tar, dattijon da ya rage cikin Buduma mai iya kaɗa biram, wani abin kiɗa mai tsirkiya 5 da siffar kwalekwale. Ya zauna ya koya, ya gaji kayan, ya kuma naɗi faifai da shi a 2009 kafin rasuwarsa a 2018. Mutum ɗaya ne ya ɗauki jakarsa ya tafi, kuma saboda tafiyarsa har yau ana iya jin amon biram.

Kammalawa

Mun ga yadda makaɗin jita na Turai ya nemi rabuwa da mawaƙi, ya gano ba zai iya gaba ɗaya ba, har aka tsaya a kan faifan da ke ba kowanne haƙƙinsa. Mun ga kuma cewa a ƙasar Hausa hannu da baki tun asali tare suke, sai dai baki ne kaɗai aka yi wa rajista. Shawararmu ga ɗalibai ita ce, duk wanda zai je ɗaukar waƙa wajen mai goge ko mai garaya ko mai gurmi, a Masaka ne ko a Haɗeja ko a Maraɗi, idan an gama waƙar kada ya kashe na'ura. Ya roƙi makaɗin ya ƙara masa minti biyar na kiɗa zalla, ya ɗauki hoton yatsunsa, ya tambaye shi sunan kowane kari da wanda ya koya masa, sannan ya yi masa irin tambayar da dattijon nan ya yi a teburin mai shayi, ya rubuta amsar da ya bayar.